Muhawara: Wa ke bin diddigin kuɗin taurarin ɗan'adam na Najeriya?

Malamin Labarin Ƙasa, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman izinin shugabanni in kawo wata magana da ta kwana biyu tana ci mini rai. A makon jiya ina koyar da 'yan aji biyar darasin taswira, na manna musu hoton fadamar Argungu da aka ɗauka daga sama, gulbi ya fito baƙi yana lanƙwasa, gonakin shinkafa sun yi kore shar a gefensa. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko Najeriya tana da nata tauraron ɗan'adam. Na ce tana da shi, har fiye da ɗaya. Ta ce to me ya sa rubutun da ke ƙasan hoton ya nuna na Turawa ne? Na ba ta amsar da ta samu, amma ni kaina amsar ba ta gamsar da ni ba.

Ga abin da aka sani. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wato NASRDA, a shekarar 1999. A watan Satumba na 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga ƙasar Rasha, wanda kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera a kan kuɗi kimanin dala miliyan 13. A watan Mayu na 2007 aka harba tauraron sadarwa NigComSat-1 daga ƙasar Sin, an tsara zai yi shekara 15 yana aiki, amma ya mutu a watan Nuwamba na 2008 bayan farantan da ke tara masa hasken rana sun lalace. An harba madadinsa, NigComSat-1R, a watan Disamba na 2011, shi ma wa'adin shekara 15 aka ɗiba masa, wato zuwa ƙarshen 2026. A watan Agusta na 2011 kuma aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, kuma na farkon shekara 7 aka tsara masa, ke nan ya daɗe da wuce wa'adinsa.

Tun da taurarin sun tsufa, maganar sayen sababbi ba za ta fasa tasowa ba, kuma kuɗin ba ƙanana ba ne. Tambayata ita ce, kafin a sake buɗe baitulmali, wa ya zauna ya auna abin da aka kashe a shekara ashirin da ɗoriya da abin da ya iso hannun manomi da malami da ma'aikacin agaji? Wa doka ta ɗora wa wannan aiki, kuma yana yin sa?

Tsohon Akawu, Jega

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka da alheri, ka taɓo wurin da ke yi mana ƙaiƙayi. Na yi shekara 35 ina aikin baitulmali kafin in ajiye, kuma abin da zan faɗa daga abin da na gani da idona ne. Binciken kuɗi iri biyu ne. Akwai wanda mai bincike zai zo ya zauna, a tara masa fayil-fayil a kan tebur, ya ɗauki bauca ya duba ko akwai sa hannun mai ba da izini, ko akwai rasit, ko lambar da ke kan baucar ta yi daidai da wadda ke cikin littafin kuɗi. In komai ya yi daidai sai ya sa alama da koren biro ya ɗauki ta gaba. Wannan shi ne wanda muka saba da shi, kuma yana da amfaninsa, domin yana kama wanda ya sa hannu a asusu kai tsaye.

Na biyu shi ne wanda mai bincike zai rufe fayil ya miƙe ya ce a kai shi ya ga abin da aka saya, ya tambayi wa ke amfani da shi, sau nawa, kuma da an bi wata hanya ko da an samu irinsa da araha. Wannan na biyun shi ne muke da ƙarancinsa ƙwarai. Rijiyar burtsatse ma da ke bayan gari, wadda mutum zai iya takawa ya je ya murɗa famfo, sau da yawa a takarda ake karɓar ta. To ina ga abin da ke yawo kilomita ɗaruruwa sama da kanmu? Mai bincike ba zai hau sama ya gani ba, dole ya dogara da abin da injiniyoyin hukumar suka faɗa masa, alhali su ne waɗanda ya zo ya bincika. A ganina nan ne gizo ke saƙar.

Hajiya Mai Shinkafa, Suru

Malam da Baba Akawu, ina gaishe ku. Ni ba ma'aikaciya ba ce, manomiya ce kuma ina sayen shanshera ina kaiwa inji, don haka zan yi magana a kan abin da ya shafe ni. A daminar 2020 shinkafarmu ta yi ciki, wata ta fara fitar da kai, mun zuba taki na biyu da kuɗin bashi. Da yamma yarana sun dawo daga fadama suka ce ruwa ya ɗan ƙaru amma bai kai ga kunya ba. Kafin azahar ta washegari sai da kwalekwale aka shiga gonar, mai tuƙi yana soka gora yana nuna mini inda iyakata take, ba abin da ake gani sai kan wata bishiyar giyayya da muke ɗaure jaki a gindinta. Injin ban ruwa guda biyu da buhunan takin da suka rage a bukka duk sun tafi.

Ban ce wani zai iya tare gulbi ba, ruwa ikon Allah ne. Amma da an ce mana kwana uku kafin nan ga ruwa yana tafe kuma ga tsayin da zai kai, da mun kwashe injuna da taki da dabbobi. Bayan haka aka zo ƙidayar asara, kowa yana faɗin kadadar da ya ga dama, wanda bai shuka ko tiya ɗaya ba ya shiga layi. In har gaskiya ne akwai na'urar ƙasarmu da ke ganin gonaki daga sama, me ya hana a ɗora hoton kafin ruwa a kan na bayan ruwa a raba gardama?

Injiniya, Argungu

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Tambayarki tana kan hanya, amma ina so in rarrabe wasu abubuwa don kada mu ɗora wa wani laifin da ba nasa ba. Hasashen damina aikin hukumar NiMet ne, hasashen ambaliya na shekara kuma hukumar NIHSA ce ke fitar da shi, sannan kai ɗauki yana hannun NEMA da hukumomin agaji na jihohi. Hukumar sararin samaniya aikinta ta samar da hoto da taswira ta miƙa wa waɗannan. Sarƙa ce mai zobe da yawa, kuma duk zoben da ya tsinke saƙo ba zai iso Suru ba.

Sannan akwai iyakar na'urar kanta. Taurarinmu masu ɗaukar hoto da hasken rana suke gani, kamar kyamara. A watan Agusta da Satumba, lokacin da muka fi buƙatarsu, sama a rufe take da gajimare, abin da hoton zai nuna farin girgije ne kawai. Wanda ke ratsa gajimare ya ga ruwa dare da rana shi ne mai amfani da rada, irin Sentinel-1 na Tarayyar Turai, kuma hotunansa kyauta ake ba kowa. Haka Sentinel-2, mai nuna abin da ya kai faɗin mita 10, kuma yana komowa kan wuri ɗaya duk kwana 5. Amurka ma ta buɗe rumbun hotunan Landsat kyauta tun 2008. Wannan ne ya sa hoton da Malam ya manna wa ɗalibansa ya zama na Turawa, domin shi ne wanda mutum zai buɗe kwamfuta ya sauke ba tare da ya rubuta wa kowa takarda ba.

Abin da Hajiya ta ce game da ƙidayar asara kuwa, mai yiwuwa ne sarai, kuma ba ya buƙatar sabon tauraro. Yana buƙatar mutum biyar da suka iya aikin, da kwamfutoci masu ƙarfi, da intanet, da wutar da ba ta ɗaukewa, da taswirar iyakokin gonaki. Saboda haka in ni ne ɗan majalisa, tambayata ta farko ga hukumar ba za ta zama ta nawa ne sabon tauraro ba. Zan tambaya taswira nawa kuka miƙa wa jihar Kebbi a daminar bara, a wace rana, kuma hannun wa.

Ɗan Kasuwa, Kamba

Injiniya, da bakinka ka yanke hukuncin. In hoton da ya fi amfani kyauta ake samunsa, to don me muke ciyar da hukuma mai cibiyoyi a Abuja da Jos da Toro da Nsukka da Epe da Ile-Ife? Ni a kasuwa in reshe ba ya kawo riba rufe shi nake yi. A rufe ta a mayar da kuɗin asibiti da makaranta, a bar hawa sama ga waɗanda suka ƙoshi.

Ɗalibin Kimiyya, Aliero

Alhaji, da girmamawa, ban yarda da wannan ba. Wanda ya ba ka kyauta yau yana iya hana ka gobe, kuma ba kai ne za ka zaɓi inda zai juya kyamararsa ba. NigeriaSat-X injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu lokacin da suke samun horo a Surrey, kuma ya tashi ya yi aiki. NigeriaSat-1, lokacin da yake aiki, yana cikin rukunin taurarin da ke sa ido kan bala'o'i, har ya ɗauki hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. A 2017 jami'ar fasaha ta Akure ta haɗa kai da wata cibiya a Japan aka harba ƙaramin tauraro na ɗalibai. Waɗannan mutane dukiya ce, in aka watsar da su ƙasashen waje za su kwashe su cikin wata ɗaya.

Kuma ina jin tsoron wannan maganar sa ido da ake ta yi. Aikin sararin samaniya aiki ne da ake faɗuwa a cikinsa. Indiya ta yi ƙoƙarin sauka a duniyar wata a 2019, na'urar ta faɗi ta tarwatse, ba su kori masanansu ba, suka sake shiri suka sauka lafiya a watan Agusta na 2023. In duk lokacin da wani abu ya lalace za a kira injiniya gaban kwamiti a wulaƙanta shi a gaban 'yan jarida, babu wanda zai ƙara gwada sabon abu.

Tsohon Akawu, Jega

Ɗana, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba wanda ya ce a hukunta injiniya don ƙarfe ya lalace a sama. Ɗauki NigComSat-1 da Malam ya ambata. Abin da ya ceci ƙasar nan a wannan asara shi ne an yi masa inshora, shi ya sa aka samu madadi ba tare da an sake biyan kuɗin sabo ba. Wanda ya dage a sa sharaɗin inshora a kwangila ba ya ƙera tauraro, amma ya yi wa ƙasa aikin da ya kai na mai ƙerawa. Irin wannan nake nufi da sa ido. Sai dai kada mu manta, tsakanin mutuwar na farko da tashin na biyu shekara uku ce cur, babu haya babu kuɗin shiga, ga albashi ana biya. Wannan ma asara ce da ya kamata a lissafa a faɗa wa jama'a.

Alhaji na Kamba kuma, ba kowane reshe ake auna shi da riba ba, in ba haka ba da an rufe hukumar kashe gobara. Amma ka yi gaskiya a rabi. Kamfanin NIGCOMSAT, wanda ke tafiyar da tauraron sadarwa, don kasuwanci aka kafa shi, yana sayar da hanyar sadarwa ga gidajen talabijin da bankuna da ma'aikatu. Shi kam da ma'aunin kasuwa ya kamata a auna shi: nawa ya samu, nawa ya kashe, kashi nawa na ƙarfin tauraron aka yi haya. Yanzu ga Starlink ya shigo ƙasar tun farkon 2023 yana sayar da intanet daga sama har ƙauye, dole duk wanda zai sa hannu a sabuwar kwangila ya sa wannan a lissafinsa.

Lauya, Birnin Kebbi

Ranku ya daɗe, bari in amsa tambayar Malam ta farko, wato wa doka ta ɗora wa aikin. Masu alhakin suna da yawa a takarda. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce ke amincewa da kasafi, kuma sashe na 88 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta ikon bincikar duk hukumar da ta ba kuɗi domin tona cin hanci da rashin iya aiki da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ba ta ikon kiran kowa ya zo ya ba da shaida. Akwai Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya a sashe na 85, wanda rahotonsa ke zuwa gaban kwamitin bin diddigin kuɗin jama'a na kowane zaure. Akwai dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 da ofishin da ke kula da ita. Ita kanta NASRDA dokarta ta 2010 ta tanadi majalisar sararin samaniya wadda Shugaban Ƙasa ke shugabanta.

Amma akwai wani lungu a sashe na 85 da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Hukumomi da kamfanonin gwamnati da aka kafa da doka ta musamman, Babban Mai Bincike ba shi ne ke binciken asusunsu na shekara kai tsaye ba. Shi dai yana ba su jerin sunayen masu bincike masu zaman kansu su zaɓa, ya yi sharhi a kan rahoton da aka kawo, kuma yana da ikon leƙawa lokaci zuwa lokaci. Ma'ana, wanda ake bincika shi ke zaɓen mai bincikensa daga cikin jerin, shi ke kuma biyansa. Ƙari a kan haka, rahoton shekara yakan iso majalisa bayan shekara biyu ko fiye, lokacin da wanda ya sa hannu ya yi ritaya ko an canja masa wurin aiki. Zaman kare kasafi kuma, wanda shi ne damar da 'yan majalisa ke da ita su titsiye shugaban hukuma, yakan zo a ƙurarren lokaci, hukumomi da dama a rana ɗaya, kuma ɗan majalisar da bai da mai ba shi shawara a kan kimiyya ba zai san tambayar da zai yi ba balle ya gane in an kauce masa.

Malamin Labarin Ƙasa, Birnin Kebbi

Barista, na gode, wannan lungun ban taɓa jin sa ba. Ga ƙanena na Aliero kuma, ina so in kawo misalin Amurka, domin babu wanda zai ce sa ido ya kashe musu kimiyya. Hukumar NASA da aka kafa a 1958 tana karɓar kusan dala biliyan 25 a shekara, abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kasafin gwamnatinsu ba, amma duk da haka ba a ƙyale ta ba. Majalisarsu tana da ofishin bincike nata na kanta, GAO, wanda ya sa harkar kwangilolin NASA a jerin wuraren da ke da haɗarin asarar kuɗi tun 1990, kuma kowace shekara yana fitar da rahoto a kan manyan ayyukanta ɗaya bayan ɗaya, ga kuɗin da aka yi alkawari, ga inda aka kai, ga watannin da aka makara. Dokarsu ta ce in kuɗin gina wani babban aiki ya haura da kashi 15 cikin ɗari, ko ya makara da wata 6, dole a sanar da majalisa. In ya haura da kashi 30, sai majalisa ta sake amincewa kafin a ci gaba.

A cikin hukumar kanta akwai Sufeto Janar mai cin gashin kansa. A 2022 mai riƙe da wannan muƙami, Paul Martin, ya zauna gaban majalisa ya ce kowane tashi ɗaya na shirin Artemis na komawa duniyar wata zai ci kimanin dala biliyan 4.1, kuma ya ce wannan farashi ba mai ɗorewa ba ne. Ma'aikacin gwamnati ne yake faɗin haka a kan aikin da gwamnatinsa ke alfahari da shi, kuma rahoton yana intanet kowa na iya karantawa.

Dubi kuma na'urar hangen nesa ta James Webb. Kuɗinta ya yi ta ninkuwa har wani kwamitin majalisar wakilai ya nemi a soke ta a 2011. Ba a soke ba, amma an ɗora mata iyakar kuɗi, an sake tsarin tafiyar da ita, aka harba ta ranar 25 ga Disamba 2021 bayan ta ci kusan dala biliyan 10. Ban ce tsarinsu ya hana almubazzaranci ba, ga shi kuɗi sun ninka. Abin da ya burge ni shi ne ɗan ƙasa yana iya sanin nawa aka ce, nawa aka kashe, da dalilin bambancin.

Injiniya, Argungu

Zan ƙara abu ɗaya a kan na Malam saboda ƙanenmu ɗalibi, domin tsoron da ya bayyana ba na banza ba ne. Lokacin da kumbon Challenger ya tarwatse a watan Janairu na 1986 da mutum bakwai a ciki, kwamitin da aka kafa ya gano cewa injiniyoyi sun yi gargaɗi a daren da ya gabata cewa sanyi zai hana wata roba da ke toshe mahaɗar roka yin aikinta, amma manya suka yanke shawarar a tashi. Masanin kimiyya Richard Feynman ya tsoma guntun robar a ruwan ƙanƙara a gaban jama'a ya nuna yadda ta sandare. Binciken waje ne ya wanke injiniyoyin nan, da an bar wa hukumar ita kaɗai da muryarsu ta nutse. Mu masu aikin hannu mun fi kowa cin moriyar bincike na gaskiya, domin shi ke fito da takardar da ƙaramin ma'aikaci ya rubuta aka jefa a durowa.

Baƙo daga Gusau

Ina yi wa 'yan'uwa na Kebbi sallama, ni ɗan Zamfara ne da aka sa ni a wannan zaure saboda aiki. Ku ruwa ne damuwarku, mu daji ne. Duk lokacin da aka ɗauke mutane a hanyar Ɗansadau ko yankin Zurmi, tambayar da ake yi a majalisar unguwa ita ce, ina tauraron da aka ce muna da shi? An hana haƙar ma'adinai a 2019, an hana jirage shawagi a samaniyar jihar a 2021, an rufe layukan waya a watan Satumba na 2021 ɗin har muka yi makonni sai mun yi tafiya mai nisa kafin mu kira 'yan'uwa. Jama'a sun ɗauki duk wannan wahala. Akwai kuma hukumar sararin samaniya ta soja da aka yi wa doka a 2016. Injiniya, don Allah ka gaya mini gaskiya, na'urar nan tana ganin ɗan bindiga ko ba ta gani? In an tambaya sai a ce sirrin tsaro ne.

Injiniya, Argungu

Ɗan'uwa, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Gaskiyar magana, NigeriaSat-2 mafi ƙanƙantar abin da yake rarrabewa shi ne mai faɗin mita biyu da rabi. Mutum ba ya fitowa a irin wannan hoto, babur ma ɗigo ne da ba za a rantse a kansa ba. Kuma ba a tsaye yake bisa Zamfara ba, yana kewaya duniya ne a nisan kimanin kilomita 700, ya wuce cikin 'yan mintuna, sai bayan kwanaki ya komo. Wanda ke tsaye wuri ɗaya shi ne na sadarwa, a nisan kusan kilomita 36,000, shi kuma ba ya ɗaukar hoto. Ƙara da inuwar itatuwa da gajimaren damina. Bin sawun ayari a daji aikin jirgi marar matuƙi ne da bayanan mutanen gari.

Abin da tauraro ke iya nunawa shi ne canjin da ke ɗaukar lokaci: sabon fili da aka share a tsakiyar daji, hanyar da ta fito inda da babu, ramukan haƙar zinariya da ke faɗaɗa a yankin Anka da Bukkuyum, ƙauyen da rufinsa ya ƙone, gonakin da aka bari ba a noma ba shekara biyu. Wannan bayani ne mai daraja ga mai tsara aiki. Shi ya sa nake ganin duk jami'in da ya nemi kuɗin tauraro da alkawarin cewa zai kawo ƙarshen ta'addanci, ya kamata kwamiti ya sa shi ya faɗi girman abin da na'urar ke gani da kwanakin da take ɗauka kafin ta komo, a rubuta a ajiye.

Lauya, Birnin Kebbi

Game da sirrin tsaro, gaskiya ne akwai abin da ba a bayyanawa, amma majalisa tana iya zama a asirce ta ji bayani, don haka sirri ba ya ɗauke wa kowa bayar da bahasi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta keɓe abin da zai cutar da tsaron ƙasa, sai dai farashin kwangilar farar hula da sunan kamfanin da aka ba da ranar kammalawa ba sa cikin wannan. Dokar ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubutawa ya nemi bayani ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, hukuma kuma tana da kwana 7 ta amsa, in ta ƙi ana iya zuwa kotu. Ina ba da shawarar mu rubuta takarda biyu, ɗaya ga hukumar NASRDA da kamfanin sadarwar, ɗaya ga 'yan majalisar da ke wakiltar mu, ni zan tsara su ba tare da an biya ni ba.

Ɗan Kasuwa, Kamba

Barista, ni har yanzu ina kan ra'ayina cewa sabon tauraro bai kai asibiti gaggawa ba, kuma jawabin Injiniya ƙara mini ƙarfi ya yi. Amma zan sa hannu a takardar, domin in alƙaluman suka fito suka nuna kamfanin sadarwar yana ciyar da kansa, zan dawo wannan zaure in janye maganata. A sa tambayar bashi a ciki: ko akwai rancen waje da aka ci don waɗannan taurari, nawa ya rage, kuma daga wane asusu ake biya.

Ɗalibin Kimiyya, Aliero

Na karɓi gyaran Baba Akawu da na Injiniya. Roƙona shi ne kada takardar ta tsaya ga neman laifi. A tambayi nawa majalisa ta amince da shi na ayyuka a kowace shekara da nawa aka saki a zahiri, domin in an rubuta wa hukuma kuɗi ba a sakar mata ba, ba adalci ba ne a tuhume ta da rashin aiki. A kuma tambayi injiniyoyin da aka horar a Ingila da Sin, nawa ne har yanzu suke bakin aiki, kuma wace hanya ɗalibin jami'ar Aliero ko ta Birnin Kebbi zai bi ya samu hoton tauraron ƙasarsa don aikin bincikensa.

Hajiya Mai Shinkafa, Suru

Barista, a sa tawa tambayar da Hausa yadda na faɗe ta, in ya so ku fassara musu. Daga Argungu zuwa Bagudo, wa ke da alhakin duba hoton gulbi a watan Agusta, kuma in ya ga ruwa ya taso wa yake kira a ƙaramar hukuma, ta wace lamba, da wane harshe saƙon zai iso ga mai gona? Ƙungiyarmu ta mata manoma za ta zauna ranar Laraba bayan la'asar, in takardar ta kammala kafin nan ka turo mini in karanta musu, masu sa hannu su sa, masu dangwale su dangwala.